Lucio Battisti: Mawaƙin Italiya Da Ya Ɓoye Fuskarsa Shekara 18

Filinmu na tarihin mashahuran mutane a yau ya leƙa ƙasar Italiya, inda za mu kawo wa masu karatu rayuwar marigayi Lucio Battisti, mawaƙi, makaɗi, kuma mai shirya faya-fayan waƙa, wanda ya rasu a shekara ta 1998. Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu ba su taɓa jin sunansa ba, domin da Italiyanci ya yi waƙa, kuma yunƙurin da ya yi na kutsawa kasuwar masu jin Ingilishi bai kai ko'ina ba. Amma a ƙasarsa da wuya a shiga gidan da za a rasa mai iya rera waƙarsa ko da guda. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa shi ne, a daidai lokacin da babu mawaƙin da ya kai shi kasuwa a Italiya, sai ya janye jikinsa. Ya daina hawa dandali, ya daina hira da ƴan jarida, daga bisani ko hotonsa ma bai yarda a ɗauka ba. Shekara 18 na ƙarshen rayuwarsa ya yi su yana fitar da faifai, jama'a na jin muryarsa ba sa ganin fuskarsa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Lucio Battisti ranar 5 ga watan Maris na shekara ta 1943 a Poggio Bustone, wani ƙaramin gari da ke kan tsauni a lardin Rieti, arewa maso gabas da birnin Rum. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, watanni kaɗan kafin faɗuwar gwamnatin Mussolini. Kwana ɗaya kacal ne tsakaninsa da takwaransa Lucio Dalla, wani babban mawaƙin ƙasar, wanda aka haifa ranar 4 ga wannan watan. Mahaifinsa Alfiero ma'aikacin ofishin haraji ne. A shekara ta 1950 iyalin suka koma Rum da zama, a can yaron ya koyi kaɗa jita, akasari da kansa.

Mahaifin bai ga abin yi a cikin kiɗa ba, so yake ɗansa ya samu takardar da za ta ba shi aikin albashi. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya. Da yake uban ya samu rauni a yaƙi, ɗan yana da damar a ɗauke masa aikin soja na tilas, amma sai da sa hannun uban. Uban ya ce zai sa hannu, ya kuma ba shi shekara biyu ya gwada sa'arsa a kiɗa, muddin ya gama makaranta. A shekara ta 1962 Lucio ya karɓi takardar shaidar ƙwarewa a fannin lantarki, ya miƙa wa mahaifinsa, ya saɓa jitarsa. Mu a ganinmu wannan karatu bai tafi a banza ba, domin mutumin da ya san yadda waya da na'ura ke aiki ne daga baya ya mayar da ɗakin ɗaukar sauti gidansa na biyu.

Ya fara da kaɗa jita a gidajen rawa na Napoli, sannan Rum, kafin ya shiga wata ƙungiya mai suna I Campioni a Milan, wadda ta kai shi har Jamus da Holan. A can ya ji kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da na samarin Ingila tun kafin su cika gidajen rediyon Italiya, kuma tasirin wannan kiɗa bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Haɗuwarsa da Mogol

A shekara ta 1965 wata Bafaranshiya mai harkar wallafa waƙoƙi a Milan, Christine Leroux, ta saurare shi, ta kuma haɗa shi da Giulio Rapetti, wanda aka fi sani da laƙabin Mogol. A nan ya kamata mu yi wa mai karatu ɗan bayani. A wurinmu an saba mawaƙi shi ke tsara baitinsa, shi ke rerawa. A masana'antar waƙa ta Italiya ta wancan zamani kuwa an raba aikin: wani ya tsara kiɗa da karin waƙa, wani ya rubuta kalmomi, wani dabam ya rera. Mogol gwanin rubuta kalmomi ne, kuma ya riga ya yi suna a kamfanin Ricordi. Battisti kuma kiɗa ne nasa.

Tsarin aikinsu, kamar yadda Mogol ya sha bayarwa, shi ne Battisti ya zo da kiɗan a kammale, ya yi ta kaɗawa yana rera wasu kalmomi masu kama da Ingilishi waɗanda ba su da ma'ana, shi kuma Mogol yana zaune da alƙalami yana sauraron abin da kiɗan ke faɗa masa, har baiti ya fito. Sau da yawa waƙa guda takan kammala cikin safiya ɗaya. Haka suka yi shekara 15.

Da farko wasu suke rubuta wa. A shekara ta 1967 ƙungiyar Equipe 84 ta rera waƙarsu mai suna 29 settembre, wato 29 ga Satumba, ta hau matsayi na ɗaya a Italiya. Mai karatu ya riƙe wannan kwanan wata, domin za mu sake cin karo da shi. A farkon 1969 kuma ƙungiyar Amen Corner ta Birtaniya ta juya wata waƙarsu zuwa Ingilishi, ta zama ta ɗaya a can. Shi kansa Battisti bai ɗauki kansa mawaƙi ba, kuma manyan kamfanin Ricordi ma ba su ɗauke shi ba. Muryarsa siririya ce, mai ɗan disashewa, idan ta hau sama sai ka ce za ta tsinke, alhali kunnen ƴan Italiya ya saba da murya mai kauri da ƙarfi irin ta ƴan opera. Mogol ya ce sai da ya yi barazanar ajiye aiki kafin kamfanin ya yarda a ɗauki muryar abokin nasa.

A shekara ta 1969 ya shiga gasar waƙa ta Sanremo, wadda ita ce mafi girma a ƙasar. Ƙa'idar gasar a lokacin ita ce kowace waƙa mutum biyu za su rera ta, kowa da salonsa, kuma abokin tafiyar Battisti shi ne Wilson Pickett, shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka. Waƙar ta zo ta tara. Ƴan jarida suka yi wa muryarsa da sumarsa ba'a son ransu. Bai sake taka gasar a matsayin mawaƙi ba. Sai dai kuma a wannan shekarar da wadda ta biyo ta, shi ya lashe gasar Festivalbar, wadda ake auna ta da yawan masu jefa kuɗi a na'urar jin waƙa ta shagunan shan shayi da gahawa. Alƙalan jarida sun ƙi shi, masu sulalla a aljihu sun zaɓe shi.

Aikin da ba a gani

Wannan ne ɓangaren da muke son mu ɗan dakata a kai, domin shi aka fi mantawa. Mai shirya faifai shi ne mutumin da ke zaune a ɗakin ɗaukar sauti yana yanke hukunci: wace waƙa za a ɗauka, su wane ne makaɗan, a ina ganga za ta shigo, a ina za ta yi shiru, murya za ta fito gaba ko za ta koma baya, sau nawa za a maimaita kafin a ce ya yi. Mai sauraro ba ya ganinsa, amma duk abin da ya shiga kunnensa ta hannunsa ya bi. A Italiya ta shekarun 1960 wannan hukunci na kamfani ne da shugaban makaɗansa, mawaƙi kuwa a kira shi ya rera ya tafi gida. Battisti ya ƙi wannan tsari.

A shekara ta 1969 Mogol da mahaifinsa Mariano Rapetti da wasu abokan aiki suka fice daga Ricordi suka kafa kamfaninsu mai suna Numero Uno, wato Lamba Ɗaya. Kwangila ta ɗaure Battisti a Ricordi a matsayin mawaƙi har zuwa 1971, amma tun daga ranar farko yana cikin sabon kamfanin a matsayin mai tsara waƙa da shirya faifai. Shi ya shirya faya-fayan farko na ƙungiyar Formula 3, ya rubuta wa Bruno Lauzi waƙoƙin da suka dawo da shi kasuwa, ya tallafi Adriano Pappalardo tun yana sabon shiga. A ƙarƙashin wannan kamfani ne ƙungiyar Premiata Forneria Marconi, wadda daga baya ta yi suna har Ingila da Amurka, ta fitar da kundinta na farko a 1972, kuma da yawa cikin ƴan ƙungiyar makaɗan Battisti ne a ɗakin ɗauka. Har ila yau shi da Mogol sun rubuta wa Mina, wadda ake ɗauka babbar mawaƙiyar Italiya, wasu daga cikin waƙoƙinta mafiya farin jini na 1970 da 1971.

Rigimarsa ta ƙarshe da Ricordi ta nuna irin mutumin da yake. A ƙarshen 1970 ya kai musu kundi mai waƙa takwas, huɗu daga ciki kiɗa ne zalla babu murya, sauran huɗun kuma da ɗanyen kiɗa mai hayaniya, an ɗauke su kusan kai tsaye ba tare da kwaskwarima ba. Kamfanin ya tsorata, ya ajiye shi a aljihun tebur, ya tattara tsofaffin waƙoƙinsa ya fitar a madadinsa. Sai a tsakiyar 1971 aka saki kundin, ya kuma hau matsayi na ɗaya. Da kwangilar ta ƙare bai waiwaya ba.

Waƙarsa ta farko a Numero Uno, La canzone del sole, wato Waƙar Rana, ta fito a watan Nuwamba na 1971. An gina ta a kan kamun jita uku kawai da ake ta juyawa, shi ya sa ta zama abin da yaran Italiya ke fara koyo idan suka riƙe jita. Amma duk wanda ya saurari faifan da kyau zai ji yadda kayan kiɗa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya har waƙar ta cika ta batse, alhali ginshiƙin bai canja ba. A nan gwanintar take. Muryar da aka yi wa dariya kuwa bai gyara ta ba, wuri ya gina mata a cikin kiɗan, inda rauninta ya zama abin da ke taɓa zuciya. A shekara ta 1973 kundayensa biyu ne suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu a cinikin shekara a Italiya, gaba da Pink Floyd na Ingila. Shekarar da ta biyo baya David Bowie ya rubuta wa wata waƙarsa kalmomin Ingilishi, makaɗinsa Mick Ronson ya rera.

Kafin mu wuce, akwai wani abu da masu son doki za su so ji. A bazarar 1970 shi da Mogol sun hau dawaki daga Milan har Rum, tafiyar fiye da wata guda, alhali Battisti bai daɗe da koyon hawa ba. A wannan bazarar ce kuma ya yi rangadin wasanninsa na biyu, wanda ya zama na ƙarshe. Yana da shekara 27 ya rufe babin waƙa a gaban ƴan kallo masu sayen tikiti.

Janyewa

Ba rana ɗaya ya ɓace ba. Ranar 23 ga Afrilu na 1972 aka nuna shi a talabijin ɗin gwamnati yana waƙa tare da Mina na ƴan mintoci, kuma wannan ce fitowarsa ta ƙarshe a talabijin ɗin Italiya. A watan Maris na 1973, da aka haifa masa ɗa, masu ɗaukar hoto suka kutsa har ɗakin mai jego a asibiti. Tun daga nan ƙofar da ke tsakaninsa da ƴan jarida ta ƙara rufuwa. Ya koma da zama Molteno, wani ƙaramin gari a yankin Brianza, arewa da Milan, shi da Grazia Letizia Veronese, wadda suka ɗaura aure a 1976.

Zamanin ma bai taimaka ba. Tun daga bam ɗin da ya tashi a dandalin Fontana na Milan a watan Disamba na 1969, Italiya ta shiga shekarun tashin hankali tsakanin ƴan gurguzu masu zafin ra'ayi da ƴan fasist. Ana sa ran kowane mawaƙi ya nuna ɓangarensa. A 1976 ma wasu matasa sun tsayar da wasan Francesco De Gregori a Milan, suka titsiye shi da tambayoyi a kan dandali kamar mai laifi a gaban alƙali. Battisti kuwa soyayya da kishi da zaman aure da kaɗaici yake waƙa a kai, bai taɓa cewa uffan kan siyasa ba. Sai jita-jita ta bazu cewa shi ɗan fasist ne, har ana cewa yana ba su kuɗi. Babu wanda ya taɓa kawo hujja, kuma Mogol ya sha ƙaryata zancen. Amma da yake mai abin ya ƙi buɗe baki, zancen ya bi shi shekara da shekaru. Mu dai muna ganin a nan shirun ya cuce shi, domin wanda ya bar fili, wasu ne za su yi magana da sunansa.

Ra'ayinsa, kamar yadda ya bayyana a ƴan hirarrakin da ya yi kafin ya rufe baki, shi ne mai fasaha ba shi da abin faɗa wa jama'a da ya wuce aikinsa. Kuma ya aikata abin da ya faɗa. A 1974 ya yi tafiya zuwa Brazil da Ajantina tare da Mogol, ya dawo ya shirya kundin Anima latina, wanda ya fito a watan Disamba. A cikinsa ya yi abin da babu kamfanin da zai yarda mawaƙinsa ya yi: ya rage ƙarfin muryarsa da gangan, ya nutsar da ita cikin ganguna da kayan busa, har sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci kalmomin. Yawancin waƙoƙin ba su da amshin da za a kama. Dalilinsa shi ne yana son mai sauraro ya yi aiki shi ma, kada ya zauna a ɗura masa. Duk da haka kundin ya hau matsayi na ɗaya, kuma a yau masana da dama suna sa shi cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a Italiya.

Daga nan ya juya ga kiɗan rawa na Amurka. A 1977 ya ɗauki kundi a Los Angeles, ya kuma fitar da wani da Ingilishi mai suna Images domin kasuwar can. Bai karɓu ba. Lafazinsa na Ingilishi bai zauna ba, fassarar kalmomin Mogol kuma ta zubar da daɗinsu. Sai ya koma Ingila, inda a karon farko ya miƙa ragamar shirya faifansa ga wani, wato Geoff Westley. Abin mamaki, kundin da suka yi a 1978, Una donna per amico, shi ake lissafawa mafi kasuwa a duk ayyukansa. Daga wannan lokaci har ƙarshe Turawan Ingila ne ke shirya masa faifai, amma shi ke zaɓensu, shi ke sallamarsu. Hirarsa ta ƙarshe ya yi ta da wani gidan rediyon ƙasar Suwis a 1979, fitowarsa ta ƙarshe a talabijin ita ma a Suwis ce, a 1980.

Rabuwa da fararen faya-fayai

Kundin 1980 shi ne na ƙarshe da Mogol. Babu faɗa a bainar jama'a, babu sanarwa. Mogol dai ya danganta rabuwar da saɓani kan rabon kuɗin haƙƙin mallaka a kamfaninsu na wallafa mai suna Acqua Azzurra, inda kasonsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, na Battisti kuwa ya haura rabi. Ɓangaren Battisti ba a ji shi ba, tunda ya riga ya daina magana.

A 1982 ya fitar da kundi wanda aka kaɗa kusan gaba ɗayansa da na'urorin lantarki, kalmomin kuma da sa hannun matarsa. A wannan tsakanin ya koma shirya wa tsohon abokinsa Pappalardo faya-fayai biyu, kuma a wurin aikin na biyu, a 1983, ya haɗu da marubuci Pasquale Panella. Da shi ya yi kundaye biyar na ƙarshe, ɗaya duk bayan shekara biyu daga 1986 zuwa 1994, kowanne da waƙa takwas. Ƴan Italiya na kiran su fararen faya-fayai, domin bangonsu fari ne, babu hoto, sai ɗan zane ko harafi. Kalmomin Panella wasa ne da harshe, ma'ana kan ma'ana, ba labarin da za a bi daga farko zuwa ƙarshe. Bayan kundin farko ma sai suka juya tsarin aikin, Panella ya fara rubutawa, Battisti ya ɗora kiɗa a kai, akasin yadda yake yi da Mogol.

Na farkon ya yi kasuwa, amma daga nan ciniki ya yi ta raguwa. Tsofaffin masoya suka ji kamar an rufe musu ƙofa. Har yau ƴan Italiya sun rabu biyu a kan waɗannan waƙoƙi 40, wasu na ganin mutum ne da ya riga zamaninsa, wasu na ganin girman kai ne. Mu dai ba za mu ɓoye ba, sauraronsu na buƙatar haƙuri ko ga mai jin Italiyanci. Amma da wuya a zargi mai su da kwaɗayi, domin da kuɗi yake so, ya san hanyar da ya bi a 1972, kuma ba ta toshe ba. Kundin ƙarshe, mai suna Hegel, ya fito ranar 29 ga Satumba na 1994.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A ƙarshen watan Agusta na 1998 aka kwantar da shi a asibitin San Paolo na Milan. Ya rasu da safiyar 9 ga Satumba yana da shekara 55. Iyalinsa ba su bayyana cutar ba. An yi jana'izarsa a Molteno, mutum kusan 20 ne kawai aka bari suka shiga, Mogol na cikinsu, sauran jama'a suka tsaya a bakin ƙofa.

Magadansa sun ci gaba da tsare sunansa kamar yadda ya tsare shi, wasu ma na cewa fiye da haka. Sun hana a sa waƙoƙinsa a tallace-tallace da finafinai, sun kai hukumar garin Molteno kotu kan bikin tunawa da shi da take shiryawa. A watan Satumba na 2013 suka tone gawarsa daga maƙabartar garin, inda masoya ke zuwa ziyara, aka tafi da ita aka ƙona bisa wata al'ada ta can. Garin haihuwarsa Poggio Bustone ne ya rage da mutum-mutuminsa na tagulla riƙe da jita.

Babbar matsalar ta taso ne da sauraron waƙa ya koma intanet. Shekara da shekaru matashin Italiya zai buɗe wayarsa ya samu waƙoƙin kowa ban da na Battisti, sai dai kwaikwayon da wasu suka yi. Masu sharhi suka fara nuna fargabar cewa tsara guda za ta tashi ba ta san shi ba. Mogol, wanda kalmominsa ne a kulle tare da kiɗan, ya kai ƙara, kuma a 2016 wata kotu a Milan ta umarci kamfanin Acqua Azzurra ya biya shi diyyar Yuro miliyan 2 da dubu 600 da ɗoriya, kimanin miliyar 1 da miliyan 700 na kuɗin sefa. Daga baya kamfanin ya shiga hannun jami'in da kotu ta naɗa, kuma shi ne ya buɗe ƙofar. Kundaye 12 na zamanin Battisti da Mogol suka hau Spotify da sauran dandalin sauraron waƙa ranar 29 ga Satumba na 2019, shekara 21 bayan rasuwarsa.